Hoton Fareti a Matsayin Shaidar Tarihi: Abin da Na Koya a Bikin Yaye Hafsoshin Soja a Kaduna

Gabatarwa

Ni mai ɗaukar hoto ne, ban yi karatun tarihi a jami'a ba. Na shafe shekara talatin da ɗoriya ina wannan sana'a a aikin gwamnati, tun zamanin fim da ɗakin wankin hoto har zuwa lokacin da kyamarar da ba ta buƙatar fim ta shigo. A tsawon waɗannan shekaru na ɗauki hawan Sallah da naɗin sarauta da buɗe asibitoci da rantsar da gwamnoni, amma babu taron da ya koya mini dangantakar da ke tsakanin hoto da tarihi kamar faretin yaye hafsoshi na Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka fi sani da NDA. Manufar wannan maƙala ita ce in kawo taƙaitaccen tarihin makarantar, in bayyana yadda muke ɗaukar hoton faretinta idan Shugaban Ƙasa ya halarta, sannan in nuna wani kuskure da ni da takwarorina muka daɗe muna yi, wanda ya jawo wa tarihin jihohinmu hasarar da har yanzu ba a gama lissafa ta ba.

Asalin Makarantar

Kafin mai karatu ya fahimci abin da ke cikin hoton fareti, wajibi ne mu ɗan waiwaya baya. Rundunar sojan Nijeriya tana danganta asalinta ga 'yan tsirarun Hausawan da Baturen nan Glover ya ɗauka aiki a shekarar 1863. Daga baya, a 1897, aka kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga, kuma ita ce ta ci ƙasashen Arewa da yaƙi. A duk tsawon wannan zamani, baƙar fata kurtu ne ko kofur ko saje, iyakarsa samanja. Hafsa kuwa sai Bature. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ɗaura wa 'yan ƙasa anini, kuma a 1953 ne marigayi Zakariya Maimalari ya fito daga makarantar Sandhurst ta Ingila a cikin 'yan Nijeriya na farko da suka yi karatu a can.

Da mulkin kai ya gabato, sai buƙatar hafsoshi 'yan ƙasa ta ƙaru. A lokacin, wanda aka zaɓa yakan fara samun horo a Teshie ta ƙasar Gana, sannan a tura shi Ingila. A 1960 aka buɗe kwalejin horon soja a Kaduna domin ta riƙa ba da wannan horo na share fage, amma duk da haka sai an ƙetare teku kafin a sami anini. Alhaji Muhammadu Ribadu, wanda ya riƙe Ma'aikatar Tsaro daga 1960 har rasuwarsa a 1965, shi ne ya tsaya aka tsara rabon guraben hafsoshi a 1961, inda aka ba Arewa rabi, Gabas da Yamma kuwa kowacce kashi ɗaya cikin huɗu. A zamaninsa ne kuma, a watan Fabrairun 1964, aka kafa NDA domin a riƙa horar da hafsoshin ƙasa da na ruwa da na sama a gida tun daga farko har ƙarshe. Saboda haka ne tsohon mazaunin makarantar da ke cikin garin Kaduna yake ɗauke da sunan Ribadu, sabon mazauninta kuwa yana Afaka, kusa da filin jirgin sama.

An fara da ɗalibai 60 da 'yan kai. Kwamanda na farko mutumin Indiya ne, Birgediya M.R. Varma, kuma akasarin malaman farko daga rundunar Indiya suka zo. Ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci makarantar shi ne David Ejoor, a 1969. A 1985 aka fara karatun digiri tare da horon soja, sannan a 2011 aka ɗauki mata a karon farko a cikin kwas na ainihi. Har ila yau, bataliyoyin ɗalibai suna ɗauke da sunayen Abisiniya da Mogadishu da Bama da Dalet, wato wuraren da iyayenmu da kakanninmu suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a gabashin Afirka da ƙasar Bama. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san tsofaffin nan da ake kira 'yan Bama. To, sunan filin dagarsu ne jikokinsu suke maci a ƙarƙashinsa.

Akwai abin lura game da kwas na farko, wanda aka yaye a 1967, 'yan watanni kafin ɓarkewar yaƙin basasa a watan Yuli na wannan shekara. A cikin samarin da suka tsaya a sahu a ranar akwai Salihu Ibrahim, wanda ya zama Babban Hafsan Sojan Ƙasa daga 1990 zuwa 1993, da Aliyu Muhammad Gusau, wanda shi ma ya riƙe wannan muƙami kuma ya daɗe yana ba shugabanni shawara kan tsaro. Akwai Oladipo Diya, wanda ya zama na biyu a gwamnatin Janar Sani Abacha a 1993, aka kama shi a 1997, aka yanke masa hukuncin kisa a 1998, daga baya aka sake shi. Akwai kuma Joshua Dogonyaro, wanda muryarsa ce aka ji a rediyo ranar 27 ga Agusta 1985 tana sanar da kifar da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari. Babu mai hoton da ya san haka a 1967. A idon kyamara, duk yara ne masu aski iri ɗaya da kaki iri ɗaya.

Yadda Muke Ɗaukar Hoton Fareti

Na fara zuwa faretin NDA a farkon shekarun 1980, ina yaron maigidana, ina riƙe masa jaka. A wancan lokaci a tsohon mazauni ake yi. Mukan isa tun da asuba, domin idan Shugaban Ƙasa zai zo ana rufe ƙofa da wuri, kuma sai an bincike jakar kowa, har a sa mutum ya latsa kyamararsa a gaban jami'an tsaro don su tabbatar kyamara ce. Daga nan sai a kai mu wani gefe da aka kewaye da igiya kusa da rumfar manyan baƙi, a ja mana kunne cewa duk wanda ya ƙetare igiya ba da izini ba, to ya kuka da kansa.

Tsarin faretin kusan ɗaya ne kowace shekara. Badujala ce ke fara shigowa, sai ɗalibai su biyo rukuni-rukuni su ja sahu, a shigo da tutoci. Manyan hafsoshi su iso bi da bi, ƙarami kafin babba, kowa a sara masa gwargwadon muƙaminsa. Idan Shugaban Ƙasa ya iso, a matsayinsa na Babban Kwamandan Askarawa, sai a buga taken ƙasa, ya shiga buɗaɗɗiyar mota ya zaga sahu yana duba su. Bayan haka a yi maci a hankali, a yi maci da sauri, a ba da kyaututtuka, ciki har da takobin girmamawa ga ɗalibin da ya fi kowa, Shugaba ya yi jawabi, sannan waɗanda aka yaye su fice daga filin a hankali, fitar da ba za su sake yin irinta a matsayin ɗalibai ba.

Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma a ƙidaye ake ba mu shi daga sito, a sa hannu. Saboda haka kowace latsawa da lissafi ake yin ta. Mai hoto ba ya ganin abin da ya ɗauka sai ya koma ɗakin wanki, don haka dole ya san haskensa da ka. Rana a Kaduna bayan damina tana da ƙarfi, farin safar hannu da ƙyallin takobi suna ƙona hoto, hular hafsa kuma tana jefa inuwa a fuska. Ga shi motar Shugaba ba ta jiran kowa. Idan fim ya ƙare maka tana tsakiyar sahu, kafin ka sa wani ta wuce.

Abin da maigidana ya fara koya mini shi ne: "Kai yaro, idonka a kan Shugaba. Idan ka rasa shi, ka rasa aikinka." Gaskiya ya faɗa, domin hoton da ake jira a ofis, wanda za a kai wa jaridu kamar New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, ko a manna a allon sanarwa, shi ne na Shugaba yana saukowa daga mota, yana gaisawa da gwamna, yana miƙa takobi. A kan wannan tarbiyya na tashi. Na ɗauki shugabanni masu kaki da masu babbar riga, kuma ban taɓa komawa ofis ba tare da hoton da ake so ba. A lokacin ina ganin na iya aiki.

Matar da Ta Zo Neman Ɗanta

Wata rana a tsakiyar shekarun 1990, ina zaune a ofis, sai masinja ya ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da wata dattijuwa tare da wani saurayi, ƙanen ɗanta. Daga wani ƙauye suka taso tun da safe. Ɗanta hafsa ne, an yaye shi a ƙarshen shekarun 1980, ya tafi Laberiya cikin rundunar ECOMOG da ƙasashen Afirka ta Yamma suka tura a 1990, bai dawo ba. Hoton da take da shi ɗaya ne, na ranar da aka ɗaura masa anini, shi ma ruwan sama ya lalata shi a cikin adaka. Wani ne ya gaya musu cewa ina cikin masu hoton da suka je faretin shekarar.

Bayan mun gaisa, sai ta ce, "Ɗan nan, ba kuɗi na zo nema ba. Yaransa ne suka fara wayo, suna tambaya yaya kamannin ubansu suke."

Na ce, "Inna, ki zauna ki sha ruwa, bari in duba."

Na shiga sito na zaro ambulan na wannan shekara. Fim biyar na ɗauka a ranar, wato hoto 180. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga. Ga Shugaban Ƙasa ta gaba, ga shi ta gefe, ga shi yana murmushi, ga manyan baƙi a rumfa, ga matansu, ga motoci. Waɗanda aka yi taron dominsu kuwa ba su wuce hoto goma sha ba, su ma daga nesa, kowace fuska ba ta fi ƙwayar gero ba. Ban rubuta sunan ko mutum ɗaya ba. Abin da ke bayan ambulan ɗin kawai shi ne sunan taron da shekara.

Na wanke guda uku, na faɗaɗa su iyakar yadda injin zai iya, har hoton ya fara dusashewa. Da suka dawo bayan kwana biyu, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa a kan wani a sahu na biyu ta ce, "Wannan ne. Haka yake ɗaga haɓarsa tun yana yaro." Ƙanen ya duba, ya yi shiru. Ni ma ban ce komai ba, domin ba ni da hanyar tabbatarwa, kuma har yau ban sani ba ko ɗanta ne ta tafi da shi ko ɗan wata. Ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Tun daga ranar na fara lissafin mutanen da suka wuce ta gaban kyamarata ban kula da su ba. A ranar 26 ga Satumba 1992 jirgin sojan sama ya faɗi a Ejigbo ta Legas da mutum fiye da 150, akasarinsu hafsoshi matasa masu halartar kwas a Jaji. Da yawansu ta wannan filin fareti suka fito. Haka waɗanda suka kwanta dama a Saliyo, da waɗanda yaƙin Arewa maso Gabas ya ci tun daga 2009. Shugabannin da na yi ta bi da kyamara, hotunansu suna ko'ina, a ofisoshi da littattafan makaranta. Hoton da babu mai shi sai ni, shi ne wanda ban tsaya na ɗauka da kyau ba.

Daɗin daɗawa, ko waɗancan 'yan kaɗan ɗin ma ba su tsira ba. Bayan na bar aiki na koma neman wasu daga cikinsu, sai na tarar rufin siton ya yi yoyo shekara da shekaru, fina-finan sun manne da juna, gara ta cinye ambulan da rajistar da ke nuna shekarunsu. Ban ɗora wa kowa laifi ba, domin ni ma da nake wurin ban taɓa rubuta takarda na nemi a gyara ba.

Faretin Shekarar 2021

Na sake komawa faretin NDA a watan Oktoban 2021, lokacin yaye kwas na 68. Wannan karo ba aiki ne ya kai ni ba. Ɗan wani ɗan'uwana yana cikin waɗanda za a yaye, aka ba ni katin gayyata, na zauna a cikin iyaye da 'yar kyamarata mai dogon gilashi.

Shekarar ta yi wa sojoji da mutanen Kaduna nauyi. A watan Maris 'yan bindiga suka sace ɗalibai daga kwalejin gandun daji da ke Afaka, maƙwabciyar makarantar. Ranar 21 ga Mayu jirgin da ke ɗauke da Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftana-Janar Ibrahim Attahiru, wanda shi ma tsohon ɗalibin NDA ne, ya faɗi kusa da filin jirgin saman Kaduna, shi da mutum goma suka rasu. Sannan ranar 24 ga Agusta aka kai hari cikin makarantar kanta a Afaka, aka kashe hafsoshi biyu, aka tafi da ɗaya. Saboda haka iyayen da na zauna a cikinsu farin cikinsu a gauraye yake. Kowa ya san inda za a tura waɗannan yara bayan 'yan makonni. Matar da ke kusa da ni, tun da aka fara har aka gama, bakinta bai daina motsi da addu'a ba.

Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, shi ne ya duba faretin. Ga mai sha'awar tarihi, wannan kaɗai abin tsayawa ne a duba. A 1962, yana ɗan shekara 19, ya shigo wannan gari daga lardin Katsina a matsayin ɗalibin kwalejin horon soja, kafin a tura shi Ingila ya sami anini a 1963. Ya yi yaƙin basasa, ya yi mulki da kaki daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, ya dawo ta akwatin zaɓe a 2015. Ga shi bayan shekara 59 yana duba sahun jikokinsa a aikin. Ya sauka daga mulki a 2023, ya rasu a watan Yulin 2025, aka binne shi a Daura. Wane ne ya kula da fuskarsa a sahun 1962? Da wani mai hoto ya tsaya ya ɗauki wannan sahu da kyau, ya rubuta sunaye, da yau hoton yana cikin kayan tarihi masu daraja.

Daga inda nake zaune ina hango masu hoton gwamnati da na jaridu a bayan igiyarsu. Kayan aikinsu sun fi namu nesa ba kusa ba, domin yanzu mutum yana iya ɗaukar hoto dubu bai canza komai ba, yana kuma ganin abin da ya ɗauka nan take. Amma duk inda Shugaba ya juya, can gilasansu suke juyawa gaba ɗaya, kamar yadda aka koya mana shekara arba'in da suka wuce.

Na ɗauki Shugaba sau uku ko huɗu, domin zuwansa shi ne ke tabbatar da ranar da matsayin taron. Daga nan na mai da kyamara kan sahu. Hoton da na fi so a cikin na ranar shi ne wanda na ɗauka lokacin da ake duba sahu: na saita gilashi a kan fuskar wani ɗalibi, gumi yana gangaro masa daga ƙarƙashin hula, idonsa a kafe, Shugaba kuwa ya fito dishi-dishi a gefen hoton. A zamanin da nake aiki, da na kai irin wannan ofis, da sai na amsa tambaya a rubuce.

Bayan an tashi, na bi iyalai ɗaya bayan ɗaya da littafina. Duk wanda ya yarda, sai in ɗauke shi da iyayensa, in rubuta lambar hoton da sunansa da sunan mahaifinsa da garinsu da rundunar da ya shiga, ta ƙasa ko ta ruwa ko ta sama. Wani dattijo, tsohon saje, ya ƙame ya sara wa ɗan cikinsa, yaron ya rasa yadda zai yi, ya amsa sarawar sannan ya durƙusa ya gaishe shi. Shi ma na ɗauka, na kuma rubuta sunayensu su biyu. Da na koma gida na wanke hotunan a takarda, na rubuta bayanin kowanne a bayansa, domin na ga yadda waya ke ɓata ko ta lalace da hotunan shekara goma a cikinta.

Kammalawa

Ana ɗaukar ɗaliban NDA ne bisa rabon gurabe tsakanin jihohi, don haka babu faretin da za a yi ba tare da 'ya'yan jiharmu a cikin sahu ba. Tarihinsu tarihin jiha ne, kamar yadda tarihin sarakuna da malamai da attajirai yake. Bisa abin da na gani, ina ba da shawarwari kamar haka.

Na farko, Hukumar Tarihi da Al'adu ta nemi tsofaffin masu hoto na gwamnati da na kasuwa tun suna raye, ta karɓi abin da ya rage a hannunsu ko ta kwafa, ta kuma zauna da su su faɗi shekara da wuri da sunayen da suke iya tunawa. Na biyu, a nemi tsofaffin hafsoshi da iyalan waɗanda suka rasu su taimaka wajen gane fuskoki, domin ɗan kwas ɗaya yana iya kawo sunan duk wanda ke sahunsa. Na uku, duk shekara a tura mai hoto ɗaya wanda aikinsa kawai shi ne ɗaukar 'yan jiha da ake yayewa, da cikakken bayaninsu, a ajiye kwafi a hukumar, a kuma kai wani wuraren adana tarihi irin su Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Na huɗu, a riƙa duba ɗakunan ajiya kafin kowace damina.

Ga matasa masu wannan sana'a kuwa, ba na ce ku bar ɗaukar Shugaba ba, aikinku ne, kuma shi ma tarihi ne. Amma idan kun same shi sau biyar, ya isa. Ku juya ku ɗauki yaran da ke tsaye a rana, ku matso da fuskokinsu, ku tambayi sunayensu ku rubuta. A cikinsu akwai wanda wata rana ƙasa za ta so ta ga yadda yake yana saurayi, akwai kuma wanda mahaifiyarsa ce kaɗai za ta zo nema. Littafin da na rubuta sunayen 2021 yana nan a wurina tare da hotunan, kuma a shirye nake in miƙa su ga hukumar duk ranar da ta tanadi inda za a ajiye su.